Sawun Sulɓau a Ƙasar Zangarmi

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya danne ta da duwatsu, ya halicci mai tafiya da mai tashi da mai jan ciki, ya tufatar da wani da gashi, wani da ɓawo, wani da sulke. Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Abin da zan faɗa muku ba ji na yi ba. Ƙafata ce ta taka, idona ya gani, fatar jikina ma ta ɗanɗana.

Sunana Anaruwa ɗan Tunau, amma a hanyoyin fatake an fi sanina da Mai-bin-sawu. Wasu suna yawon duniya don zinariya, wasu don sarauta. Ni kuwa abin da ya hana ni zama wuri ɗaya tun ina saurayi shi ne dabbar da kowa ke ba da labarinta amma babu wanda ya taɓa riƙe wutsiyarta. In na ji an ce a gari kaza akwai maciji mai gemu, ko kifi mai hawa bishiya, sai in ɗaure kayana. Kayan ma ba su da yawa. Akwai curin kakin zuma da nake ɗaukar siffar sawu da shi, da jakar farar wuta da nake turara wa masauki saboda macizai, sai wani dutsen ƙarau mai kamar ƙwan kurciya, wanda in ka leƙa ta cikinsa tururuwa takan koma kamar akuya.

Wata shekara ina kasuwar Jan Yashi, iyakar inda raƙumi ke iya kaiwa, na tsaya a rumfar wani dillalin fatu. Ƙarƙashin tarin fatun barewa na hango wata fata baƙi-baƙi, mai kauri, duk ta yamutse kamar tsohuwar salka, ba gashi ko ƙwaya ɗaya a jikinta. Na miƙa hannu, sai dillalin ya buge shi.

"Kul, baƙo! Ta Sulɓau ce. Ni ma da sanda nake juya ta."

Na ce, "Wane ne Sulɓau?"

Ya ce, "Hayin Tekun Gishiri akwai ƙasar Zangarmi. Can wasu abubuwa suka ɓullo, su ba kare ba, su ba kura ba, tsirara kamar an yi musu aski. Suna tsotse jinin akuya su bar naman. An ce ma mutane ne ke rikiɗa."

Ban ƙara kwana a Jan Yashi ba.

Tekun Gishiri teku ne da ba a ganin ruwansa. Fari ne fat daga nan har inda sama ta taɓa ƙasa, ɓawon gishiri a sama, baƙin taɓo a ƙarƙashi. Raƙumi ya yi masa nauyi, don haka mutanen gaɓar suke ɗaura jiminu biyu a jikin busasshen ƙirgi, matafiyi ya zauna a kai, su ja shi kamar iska. Matar da ta ba ni aron nata jiminun ta ja mini kunne, ta ce duk inda na ga gishiri ya yi toka-toka kada in kuskura in sauka. Na ce na ji. Amma hali zanen dutse ne. Rana na tsaka na hango wani layin sawu ya ratsa ta wurin da ya yi toka-toka, kafin hankalina ya dawo na ja linzami na dira. Taku kaɗan na yi ƙasa ta ce ƙaras, na nutse har ƙugu. Ina motsi, taɓo na ƙara haɗiye ni. Jiminun suka ja ƙirginsu suka tsaya can nesa suna kallona, babu ruwansu. Na kira, na yi fito, na roƙe su da girman iyayensu, ko gezau.

Da taɓo ya kai mini haƙarƙari sai na tuna jimina ba ta iya kau da kai daga abu mai ƙyalli. Na zaro dutsen ƙarau, na tara shi ga rana, na jefa haskensa kan gishiri a gabansu. Suka kai sara, na janye hasken. Suka biyo, na ƙara janyewa. Haka na yi ta lallaɓa su suna zagaye ramin, har igiyar da ke jan ƙasa a bayan ƙirgin ta iso inda hannuna zai kai. Na naɗe ta a damtse, na kurma ihun da ban taɓa yin irinsa ba. Suka zabura, suka fizge ni daga taɓon kamar an cire rogo. Takalmana dai suna can har yau. Sawun da ya kusa kashe ni kuwa, da na waiwaya na duba da kyau, ashe na zomo ne.

Ƙafa ba takalmi na shiga birnin Zangarmi. Birni ne da ba a gina shi da ƙasa ba. Kukoki ne manya-manya, kowace ɗaya gida guda ne, an rarake cikinta an yi ɗakuna hawa-hawa, gadoji na igiya sun haɗa wannan da waccan. Abu biyu suka fara ɗaukar idona. Na ɗaya, tarin itace a bakin ƙofa, tsayinsa ya fi na raƙumi da mahayinsa. Na biyu, gafiyoyi suna yawo da rana tsaka a gindin rumbuna, ƙosassu, ba sa ko gudun mutum.

A dandali na tarar da taro. An ɗaure wani mutum a jikin turke, shi kuwa kansa ƙwal, ba gira, ba gemu, ba gashin ido. A gefe, kan kujerar icce, wata dattijuwa ce zaune da sandar azurfa a hannu. Aka raɗa mini cewa ita ce Magajiya Tasalla, mai mulkin garin, wanda aka ɗaure kuwa Nomau ne mai dafa gishiri, kuma haka aka haife shi ba gashi. Shekara da shekaru ana zaune da shi lafiya, ana ta yi masa ba'a yana dariya. Da Sulɓau suka fara cin awaki sai wani ya ce ai kamarsu ɗaya, magana ta bi gari. Yanzu an yanke cewa da zarar an ga sabon wata za a kai shi tsakiyar Tekun Gishiri a bar shi, a kuma cinna wa dajin da Sulɓau ke ciki wuta da itacen nan na bakin ƙofa.

Na kutsa gaba na durƙusa. "Ranki ya daɗe, ni baƙo ne, bin sawun dabbobi ne aikina. Ki ba ni izini in shiga dajin kafin wata ya tsaya. In mutum ne ke rikiɗa, ni zan fara faɗa miki."

Ta dube ni daga rawani har ƙafa. "Mai bin sawu da bai iya riƙe takalminsa ba?"

Jama'a suka fashe da dariya, har shi Nomau da ke ɗaure.

Wani dogon mutum mai kwari da baka ya matso. Shi ne Jatau, Sarkin Bakan garin. Ya ce, "Allah ya ja zamaninki, wannan ɓata lokaci ne. Matan da ke unguwar gabas ba su da sauran abin tatsa. 'Ya'yansu na kwana ba nono."

Magajiya ta juya sandarta a hannu. Daga baya na gane cewa ita ma hukuncin bai kwanta mata ba, taro ne ya fi ƙarfinta. Ta ce, "Wata bai tsaya ba tukuna, Sarkin Baka. Ka tafi da shi. Kai ne idona. Abin da ka gani shi zan yarda da shi."

Da zan wuce ta gaban turken, Nomau ya ce da ni a hankali, "Malam, in ka gamu da su ka ce ɗan'uwansu na gaida su. Ka kuma tambaye su me ya sa ba su taɓa kawo mini ko cinya ɗaya ba." 

Washegari da hantsi Jatau ya kai ni garken wata tsohuwa, Inna Ladingo, inda aka kashe akuya kafin gari ya waye. Akuyar na kwance a turkenta, da huji a wuya. Inna ta ce, "Duba, ɗana, yanka ta ka gani, ba jini." Na yanka ta saman, lalle ba jini. Sai na ce Jatau ya taya ni mu juya ta. Na tsaga gefen da ya kwanta a ƙasa, sai ga jini ya taru ya daskare, baƙi ƙirin.

Na ce, "Inna, ba wanda ya sha jinin nan. Gangarawa ya yi, kamar yadda ruwa ke neman kwari. Ki dubi cizon kuma. An ciza an saki, an sake ciza an saki. Wanda ya yi wannan ba shi da ƙarfin yaga fata. Ya kashe, ya kasa ci, ya ji motsinki ya gudu."

Jatau ya durƙusa ya sa yatsa a hujin.

Muka barbaɗa toka kewaye da garken. Da safe muka tarar da sawu raɗau. Na narka kaki na zuba a mafi kyawunsu, ya huce na ɗaga. Yatsu huɗu ne a ƙafar gaba, dogaye, a matse, da farata a waje. Na miƙa wa Jatau.

Ya daɗe yana juya kakin. "Wannan sawun kyarkeci ne. Amma kyarketanmu sun ɓace tun damina uku da suka wuce. Kuma kyarkeci mai ado ne, baƙi da rawaya da fari, kamar an yi masa zane. Bai taɓa kula akuya ba, barewa yake bi. Abin da na gani da idona ba shi ba ne."

Na ce, "To mu je mu tambaye su."

Dajin Zangarmi yana da wata bishiya da ban taɓa gani a wata ƙasa ba. Suna kiranta maimaitau. 'Ya'yanta kamar ƙananan goruna suke, kuma duk sautin da aka yi a ƙarƙashinta sai ya shige cikinsu ya zauna. In ka fasa ɗaya, sautin ya fito sau ɗaya ya tafi. Mutanen garin ba sa yin gulma a dajin nan. Ni kuwa da na ji haka na ce ai na sami shaidu. Muka riƙa bin sawu, ina tsinkar 'ya'yan da ke rassan ƙasa ina fasawa a kunne. Wani ya fito da kukan kurciya, wani da tsawar bara. Wani ma ya fito da muryar Jatau yana rera waƙar bege da wata murya mai kama da ta jaki, ya ce in na faɗa a gari sai ya harbe ni. Can cikin daji na fasa wani, sai muka ji kira mai taushi, huu, huu, irin wanda kyarketai ke yi in sun rabu da juna. Bayansa kuma wani sauti ya biyo, ƙarat-ƙarat-ƙarat, ba tsayawa. Na fasa wani, haka. Na fasa na gaba, haka.

Jatau ya ce, "Wannan kuma mene ne?"

Na ce, "Susa ce, Sarkin Baka. Wani yana susa kamar zai cire fatarsa."

Rana ta take tsaka muka gangara wani busasshen rafi mai gaɓa tsaye, gabansa a toshe da duwatsu. Muna juyowa muka gan su. Sun tare mafita. Wallahi na ga abubuwa a duniya, amma ban taɓa ganin irin waɗannan ba. Fatarsu toka-toka, a tattare, duk tsaguwa da ɓawo. Kunnuwa manya kamar faifai, wutsiya kamar ta ɓera, ido ya faɗa ciki, haƙarƙari a waje. Suka riƙa matsowa, hanci a sama. Jatau ya ɗana kibiya.

Ya ce, "Kibiyoyina ba za su ishe su ba. In na harbi na gaba, ka kama saiwar can ka hau."

Na ce, "Dakata."

Abin da na lura shi ne, ba wuyanmu suke kallo ba. Jatau ya fi ni kusa da su, amma duk sun karkata wajena, kuma wajen ƙuguna na hagu, inda jakar farar wuta take rataye. Zafin rana ya tayar da warinta, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Na kwance jakar a hankali, na buɗe bakinta, na wulla ta bayansu. Garin farar wutar ya watse a kan yashi, rawaya shar. Sai ga dodannin Zangarmi sun juya mana baya sun ruga. Suka faɗa kan garin suna birgima, suna goga wuya da baya, suna kuka ƙasa-ƙasa kamar 'yan kwikwiyo. Muka bi ta gefensu muka haye gaɓa, ko ɗaya bai ɗaga kai ba.

A sama Jatau ya zauna a kan dutse, bakan na kan cinyarsa. 

"Tafkin Ɗoyi," in ji shi. "Bayan duwatsun can da suka toshe rafin akwai wani tafki mai ɗumi, taɓonsa rawaya, warinsa irin na jakarka. Tun ina yaro nake ganin kyarketai na birgima a ciki, muna cewa ƙazanta ce irin tasu. Shekarar da ƙasa ta yi girgiza wani ɓangaren dutse ya faɗo ya rufe hanyar. Ba wanda ya damu. Har murna aka yi, wari ya ragu."

Na ce, "Yaushe ke nan?"

Ya dube ni. "Damina uku."

Da garken ya watse sai ya rage wata tsohuwar mace daga cikinsu da ta kasa tashi. Muka sauka, Jatau ya jefa mata raga, ko yunƙuri ba ta yi ba. Na kankare ɗan ɓawo daga kunnenta na ɗora a kan ganye, na leƙa da dutsen ƙarau. Ga su nan, wasu ƙwari farare masu gajerun ƙafafu, suna motsi a cikin ɓawon kamar gara a cikin icce. Na miƙa wa Jatau. Ya leƙa, ya ja da baya, ya sake leƙawa.

"Waɗannan 'yan mitsil ɗin ne suka yi wa kyarkeci tsirara?"

"Su ne. Ƙazuwa ce irin ta dabbobi. Taɓon tafkin ne ke kashe musu ita. Da hanya ta toshe ciwo ya ci ƙarfinsu, suka kasa bin barewa, suka komo kan abin da ke ɗaure a turke."

Muka saƙa keji da rassa, muka ɗauko ta a kafaɗa har cikin gari.

Kada ku zaci da muka iso aka yi guɗa. Magajiya ta leƙa dutsen, ta ga ƙwarin, ta yi salati. Jatau ya faɗi abin da ya gani tiryan-tiryan. Amma wani daga cikin taro ya ce, "Baƙo ya zo da dutsen tsafi yana nuna mana abin da ya ga dama. In kyarkeci ce, ina gashinta?" Taro ya ɗauka. Na ce a ba ni lokaci, in haɗa man kaɗanya da farar wutar da na tattaro daga yashi, a riƙa shafa mata, gashi zai komo. Magajiya ta tambaya wa zai riƙa shafawa tare da ni, don aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Kowa ya sunkuyar da kai.

Sai murya ta fito daga turke. "Ranki ya daɗe, a ba ni. Tun da an ce 'yar'uwata ce, ai ni ya kamata in yi jinyarta. Sharaɗina ɗaya. In man ya yi mata aiki, a bar mini ragowar in gwada a kaina."

Magajiya ta rufe baki da mayafi. Ta ba da umarni a kwance shi, a tsare shi tare da kejin a cikin wata tsohuwar kuka, ta kuma ce ba za a kunna wuta ba sai ta ga ƙarshen wannan magana, ko da wata ya tsaya.

Nomau yana da hannun jinya. Ni ina riƙe kai, shi yana shafawa, yana yi mata hira kamar tsohuwar ƙawa. Ya sa mata suna Gwaggo. Da farko takan yi gurnani, daga baya ta fara cin naman gafiya daga hannunsa, ta rage susa, tana barci. Amma gashi shiru. Wata ya tsaya, ya yi girma, gashi shiru. Mutane suka fara taruwa a bakin kukar suna gunaguni.

Sannan abin da nake tsoro ya faru. Hannuwana suka fara ƙaiƙayi, ƙuraje suka feso mini daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Na sani ƙwarin nan ba sa daɗewa a jikin mutum, amma wa zai saurare ni? Wata mata ta gan ni ina susa a bakin rijiya, kafin azahar gari ya ɗauka cewa baƙo ya fara rikiɗa. Suka zo da igiya da sanduna, suka fizgo ni da Nomau zuwa dandali. Wasu har sun ɗauko bakin wuta sun nufi tarin itace.

Jatau ne ya ratsa taron. Ya tsaya a gabanmu, ya tuɓe rigarsa ya yar. Kafaɗarsa, inda ya ɗauki kejin, duk ƙuraje ne irin nawa.

Ya ce, "Ga ni. Ni Jatau, da na binne iyayen wasunku, na ciyar da ku naman daji shekara da shekaru. In wannan ne alamar rikiɗa, ku fara da ni. Ku kawo igiyar." Ya miƙa hannuwansa biyu.

Ba wanda ya motsa. Ya juya wajen masu bakin wuta. "Ku kuma, kun ƙona daji, kun kashe kyarketai, wa zai cinye muku gafiyoyin da suka rarake rumbunanku? Tun yaushe suka yi yawa haka? Ku tuna mana!"

Ana cikin wannan sai Inna Ladingo, wadda ta zagaya ta leƙa kejin don ta tofa wa mai kashe mata akuya yawu, ta ƙwala kira daga bakin kukar. "Jama'a! Ku zo ku gani! Abar nan ta yi gemu!"

Aka fito da kejin cikin rana. A kafaɗar Gwaggo da gefen wuyanta wani laushin gashi ya tsiro, gajere kamar sabuwar ciyawa bayan ruwan fari. Mu da muke tare da ita kullum a duhun kuka ba mu lura ba. A cikin hasken rana kuwa har launinsa ya nuna, nan baƙi, nan rawaya, can ɗan fari. Tsofaffin da suka san kyarkeci suka riƙa matsowa suna kama baki. Magajiya ta sauko daga kujerarta da kanta, ta kwance igiyar hannun Nomau, ta ce, "Mun zalunce ka, ɗan'uwa. Ka yafe wa garinku." Nomau ya buɗe baki zai yi wasa kamar yadda ya saba, maganar ta ƙi fita. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka, mutane suka kewaye shi.

Saura dutsen da ya toshe tafki. Ya fi ƙarfin hannu, ya fi ƙarfin igiya. Nomau ne ya ce tukunyar gishiri in ta yi zafi aka zuba mata ruwan sanyi fashewa take yi, ko dutse ma haka ne? Aka kwashe tarin itacen bakin ƙofa kaf, maza da mata, aka jibge shi a gindin dutsen aka kunna. Wuta ta ci yini guda har dutsen ya yi ja. Sannan aka jeru daga wata rijiya da ke cikin dajin zuwa gaɓa ana miƙa tuluna hannu da hannu, aka sheƙa masa ruwa daga sama. Ya yi ƙara kamar aradu, ya tsage gida biyu. Wari ya bugo mu, irin wanda ke sa ido hawaye, jama'a kuwa suka yi ta guɗa suna toshe hanci. Ni da Jatau muka fara shiga taɓon, don mu ma masu jinya ne. Nomau ya buɗe kejin a bakin tafki. Gwaggo ta fito, ta shinshina hannunsa, ta gangara cikin taɓo ta kwanta har wuya. Daga nan ta ɗaga kai ta yi kiran nan, huu, huu. Daga cikin daji aka amsa.

Na zauna a Zangarmi har damina ta sauka ta ɗauke. Magajiya ta naɗa Nomau Sarkin Tafki, aikinsa ya tabbata hanyar ba ta sake toshewa ba. Ragowar man kuwa ya shafe shi kaf a kansa, safe da yamma, bai sami ko gashi ɗaya ba, sai dai ƙyalli. Ya ce ba komai, yanzu da rawani ba mai gani.

Ranar da zan tafi, Jatau ya rako ni da sassafe ta unguwar gabas. Muka tarar da Inna Ladingo a bakin garkenta, ta ɗaure sabuwar akuyar da Magajiya ta ba ta, tana tatsa. Muna cikin sallama sai ƙura ta tashi daga bakin daji. Barewa ce ta fito a guje, bayanta garken kyarketai, baƙi da rawaya da fari, gashi na sheƙi, fararen wutsiyoyi a sama, ƙafafu kamar ba sa taɓa ƙasa. Suka nufo mu kai tsaye. Inna ta saki ƙwarya ta rungume akuyarta tana salati. Barewa ta wuce ta gefen turke, garken ya bi ta, kusa har iskarsu ta kaɗa mini riga. Cikin ƙiftawar ido sun haye tudu sun ɓace.

Inna ta ɗago a hankali. Ta dubi tudun, ta dubi akuyarta, ta shafa bayanta mai ƙiba. Sai ta riƙe ƙugu ta juyo wajenmu, ranta a ɓace.

"Sarkin Baka, ka ga wulaƙanci? Akuya kamar wannan, ko kallonta ba su yi ba!"

Jatau ya yi dariya har ya dafa kafaɗata. Da dariyar nan a kunnena na saɓa jakata na kama hanyar teku.

Iyakar abin da na gani a ƙasar Zangarmi ke nan. Wanda ya saurara, Allah ya ba shi lafiyar fata da ta zuciya.